Tsakanin Tartsatsi da Harshen Wuta

A zamanin da tafiya take ta ƙafa da jaki, matafiyin da ya san abin da yake yi ba ya barin gari sai da wata 'yar jakar fata a aljihu ko a rataye a wuya. Daga nesa sai ka ce laya ce. In ka kwance bakinta abu uku za ka tarar: ɗan lanƙwasasshen ƙarfe da maƙeri ya buga ya kashe a ruwa, wato ƙyastu, ɓallin dutsen ƙanƙara mai kaifin baki, sai ɗan curin auduga, ta gona ko ta rimi, wadda aka babbake ta yi baƙi. Fatake suna da ita, maharba suna da ita, haka makiyaya da tsofaffi masu shan taba a lofe. Ba wanda yake nuna ta don a yaba masa. Mutum dai ya san in dare ya yi masa a dokar daji, abinci mai zafi da ɗumin jiki da nisantar kura duk suna cikin wannan 'yar jakar.

Ban riski fatake ba, amma na riski wani ƙanen kakana, maharbi, wanda bai taɓa sakin jiki da ashana ba har ya koma ga Allah. Yakan tsuguna ya ba iska baya, ya ɗora audugar a kan ƙanƙara ya danne da babban yatsa, dab da bakin dutsen, sannan ya sauko da ƙarfen a karkace. Ba duka yake yi ba, shafta ce mai sauri. Tartsatsi ya watsu, galibi a banza. Can sai ɗaya ya faɗa inda ake so, ɗigon ja ya bayyana a jikin baƙar audugar, wanda in ba ka ƙura ido ba ba za ka gan shi ba. Mu yara a nan muke ɗauka an gama. Shi kuwa a nan aikinsa yake farawa. Zai naɗe audugar cikin dunƙulen busasshiyar ciyawa da ya riga ya murtsuke a tafin hannu har ta yi laushi, ya ɗaga daidai fuskarsa, ya yi ta hurawa da dogon numfashi, ba fisga. Farin hayaƙi ya fara fitowa, ya yi kauri, ya rine, sannan bal! ta kama. Tun kafin ya taɓa ƙyastun ya jera ƙiraruwa sirara a gefe, da waɗanda suka ɗan fi su kauri, da itacen gaske can baya. In ɗayanmu ya yi garaje ya cusa ƙaton itace, sai ya buge hannun ya ce, "Kai yaro, za ka kashe mini ita. Bar ta ta ci ƙanana tukuna."

Mutane da yawa suna zaton dutsen ne yake ba da wutar. Ƙarfen ne. Ƙanƙara ta fi ƙarfe tauri, saboda haka bakinta yakan kankaro mitsitsin ƙarfe, zafin gogayya kuma ya sa mitsitsin ya ƙone a iska. Shi ya sa ba kowane ƙarfe yake yin ƙyastu ba, sai mai tauri wanda aka kashe daidai. Tsohuwar magagari tana cikin waɗanda suka fi kyau. Tartsatsin kuwa rarrauna ne, kafin ƙiftawar ido ya mutu, ba ya iya kama ciyawa ko takarda kai tsaye. Galibi sai ya sauka a kan abin da wuta ta riga ta lasa ta bari. Dalilin babbake audugar ke nan, kuma dalilin da ya sa tsohon nan ya fi tattalin audugarsa a kan ƙarfen: in ƙarfe ya jiƙe sai a goge, in auduga ta sha raɓa kuwa an kwana da sanyi.

Dutsen nasa ma yana da tarihi. Irinsa ne a bakin bindigar toka, kuma in ya dakushe a bindiga ba ya yarwa, jaka yake komawa. Akwai wani gari a gabashin Ingila, Brandon, da ya yi suna wajen sassaƙa ƙanƙarar bindiga. Bayan sojojin Turai sun daina amfani da irin wannan bindiga, kasuwar Afirka ce ta riƙe musu sana'ar har cikin ƙarni na 20.

Dabarar kanta ta girmi ƙarfe. A 1991 aka tsinci gawar wani mutum a daskare a tsaunukan Alps, kan iyakar Italiya da Austriya, wanda ya rasu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, aka sa masa suna Otzi. A jakar ɗamararsa an sami wani irin naman kaza mai fitowa a jikin bishiya, an sarrafa shi don kama tartsatsi, da ɓurɓushin dutsen da ake bugawa. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina wani ɗan mazubi ne na ɓawon itace da yake tare da shi, wanda aka tarar da ganye da gawayi a ciki. Wato yana ɗauke da garwashi a naɗe cikin ɗanyen ganye. Yana da kayan ƙyasta wuta, duk da haka ya gwammace ya taho da wadda ta riga ta kama.

Haka gidajenmu suke. Ba a ƙyasta wuta kullum, riƙe ta ake yi. In an sauke tuwon dare, uwar gida za ta tattara garwashin a tsakiyar murhu ta lulluɓe da toka, ko ta bar kututturen marke ko ƙirya yana ci a hankali. Da asuba ta tona, ta zuba ƙaiƙayi ko ɓawon gyaɗa, ta kawo faifai ta yi fifita, shi ke nan kunu ya hau. Toka tana rage iskar da ke isa ga garwashin, ba ya ci da sauri, ba ya kuma mutuwa. Tsofaffi suna kula ƙwarai kada a bar harshen wuta a kwanta, musamman da hunturu a gari mai rufin ciyawa da dangar kara, ga kuma umarnin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, na a kashe wuta kafin barci. Binne garwashi a madafa, nesa da ɗakin kwana, ita ce hanyar da suka bi.

In kuwa ta mutu, akwai maƙwabta. Yaro ne ɗan aike, da kasko ko tsingaro a hannu, an ɗan zuba toka a ƙasa don kada ya ƙona tafi. "Salamu alaikum. Gwaggo, wai in ji Inna a sam mata wuta." Ba a hanawa. Ko matan da ba sa ga maciji da juna, wuta tana ratsa katangarsu ta hannun yara. Kuma a dawo da sauri, don garwashi ba ya jiran mai tsayawa kallon 'yan langa. Har yau in baƙo ya zo bai zauna ba akan tambaye shi ko ɗiban wuta ya zo. Ta wannan zirga-zirgar ce unguwa take sanin halin da kowa yake ciki ba tare da an tambaya ba. Gidan da hayaƙi bai tashi ba har rana ta take, kuma ba a aiko ɗiban wuta ba, to ba garwashi ne ya ƙare musu ba, hatsi ne, sai wata dattijuwa ta san dabarar da za ta yi kwano ya shiga ba tare da an ji kunya ba. Gidan mai jego kuwa shi ne rumbun wutar unguwa, tunda ruwan wanka yana kan murhu safe da yamma har a yi arba'in. Almajirai ma ba su rasa ta a ƙiskali, inda kowa yake kawo nasa karan don karatun dare.

Duk wanda ya taɓa riƙe wannan kaskon, in ya ji ƙissar Annabi Musa yana jin ta daban: mutum da iyalinsa cikin dare a hanya, ya hango wuta, ya ce su dakata ya je ya ɗebo musu. Malaman tafsiri kuma, in sun zo ƙarshen Suratu Yasin, sukan ambaci itatuwa biyu, marakh da afar, waɗanda Larabawan ƙauye suke gogawa su sami wuta.

Ashana ba ta daɗe a duniya ba kamar yadda muke zato. Wani mai haɗa magunguna a arewacin Ingila, John Walker, shi ya fara sayar da mai kamawa da gogawa a 1827. Waɗanda suka biyo baya an yi su da farin fosfaras, mai kamawa a jikin komai, mai kuma cin ƙashin muƙamuƙin ma'aikatan da ke shaƙarsa. 'Yan matan masana'antar Bryant and May a Landan sun yi yajin aiki a 1888, kuma sai a 1906 aka ƙulla yarjejeniyar hana wannan sinadari a birnin Bern. Irin wadda muke saye a tebur yau asalinta Suwidin ne: Gustaf Erik Pasch ya fito da dabarar a 1844, 'yan'uwa biyu masu suna Lundström suka inganta ta a garin Jönköping. Hikimar ita ce raba abokan faɗa. Jan fosfaras yana gefen kwali, sauran sinadarin yana kan tsinke, sai sun haɗu wuta take tashi. Shi ya sa in gefen kwalin ya jiƙe ya saɓule, tsinken ashana ya zama na sakace. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantuna suka biyo shi, daga nan kayan kanti suka yi ta kutsawa ƙauyuka a kan jakuna da kawunan 'yan koli.

Sau da yawa akan ce ashana ce ta kashe tsohon ilimin wuta. Ban yarda ba. Ashana ta kashe ƙyastu, wannan gaskiya ne, kuma ba asara ba ce babba. Amma tsinken ashana ɗan daƙiƙoƙi ne yake ci, in iskar hunturu ta ga dama ma ba ya kaiwa. Macen da take da kwali ɗaya da za ta ja har ranar kasuwa, dole ta san abin da za ta miƙa wa wannan ɗan harshen. Ta san karan dawa ya fi saurin kamawa in an fasa shi an fito da farin cikinsa. Ta san totuwar masara tana riƙe wuta, busasshen kashin shanu yana ci a hankali ba ya ba da harshe sosai, ƙodagon goruba in ya kama ya daɗe. Ta san a watan marka, lokacin da sama take kwana tana yayyafi, sai an tanadi kara da ƙiraruwa a ƙarƙashin rumbu ko a soke su a rufin madafa inda hayaƙi yake busar da su, kuma itacen da ya jiƙe a waje in an faskara cikinsa a bushe yake. Har 'yan Sikawut na Baden-Powell, da suka fara a 1907, ɗaya daga cikin jarrabawarsu ita ce yaro ya haɗa wuta da abin da bai wuce tsinke biyu ba. Ashana ta sauƙaƙa tartsatsi ne kawai, ta bar sauran aikin inda yake.

Wanda ya yi kisan kananzir ne. Ranar da kwalbar kananzir ta sami wurin zama a gefen murhu, ranar aka daina bukatar jera ƙanana kafin manya. A tara itace ko yaya yake, a tsiyaya, a ƙyasta, a ja da baya. In ta mutu a ƙara. A birni kuma risho ya shigo, yara suka tashi ba su taɓa hura wuta da baki ba. Sai laita ta zo ta ƙarasa: Bic ta fito da tata mai araha a 1973, yau ga ire-irenta nan a ɗaure da zare a teburin mai sigari, kowa ya zo ya kunna ya wuce. Babu mai aiken yaro maƙwabta da kasko, sai dai aron ashana, shi ma in ya yi yawa a fara tsaki.

Da a nan labarin ya tsaya da sai mu ce ci gaba ne, a wuce wurin. To amma kananzir ya gudu ya bar mu. An janye tallafinsa a Najeriya a 2016, ya yi ta hawa har litarsa ta fi ta fetur tsada. Gas ma ba kowa yake iya cika tukunya ba. Gidaje da yawa da suka yi ban kwana da murhu sun dawo gare shi, ko ga kurfoti da gawayi, kamar yadda aka koma murhun ɗiɗɗigar katako da aka laƙaba wa sunan Abacha a shekarun 1990. An dawo ga itace, amma hannun da ya san itace babu shi. Abin da ya maye gurbin audugar rimi da cikin kara shi ne leda. Ka zaga unguwa da sassafe ka gani: yarinya ta tsuguna gaban kurfoti, ta cusa baƙar leda ko ledar ruwa a tsakiyar gawayi, ta kunna, ledar tana narkewa tana ɗiga, baƙin hayaƙi mai ɗaci yana dukan fuskarta, ƙaninta na goye a baya. Wasu guntun silifa suke sawa, wasu robar taya. Masu ƙarfin hali kuma su tsiyayo fetur daga babur, abin da ya kai mutane da dama asibiti da ƙuna. Ledar tana aiki, ban musa ba, ko da damina tana kamawa, kuma kyauta ce a kowace kwata. Sai dai wanda ya ci tsiren da aka tayar da wutarsa da roba ya san ɗanɗanon, balle huhun mai hurawa.

Ba ina cewa murhun kakanninmu lafiya ne ba. Idanun tsofaffin matanmu da tarin da suke kwana yi sun isa shaida, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a 2020. Duk macen da ta sami gas ta huta, Allah ya ƙara mata. Abin da nake cewa shi ne wadda ba ta samu ba an bar ta da hayaƙin da, an kuma ƙara mata da na roba.

Wani abin dariya, abin da muka yar yanzu sayar da shi ake yi a Amurka da Turai, cikin 'yan gwangwanaye masu kyau, ga masu fita daji don nishaɗi. Ka buɗe YouTube ka ga ƙato da gemu ya tsuguna a kurmi yana koyar da yadda ake babbake tsumman auduga a rufaffen gwangwani mai ƙaramar huda, yana murna kamar shi ya gano. A cikin kayan nasu akwai sandar ferosiriyam, haɗin ƙarfen da Carl Auer von Welsbach ɗan Austriya ya ƙirƙiro a 1903, wanda shi ne ɗan dutsen da ke cikin laita. In an kankare ta da bayan wuƙa tana zubo tartsatsi mai zafin da ya kai wajen digiri 3,000, ninkin na ƙyastu sau da yawa, kuma ko ta faɗa ruwa gogewa kawai take so. Akwai ashanar da aka tsoma a kakin kyandir don kada ta jiƙe, da ɓawon wata bishiyar ƙasarsu mai maiƙo, da audugar asibiti da aka cuɗa da man Vaseline, wadda ɗan curi ɗaya yake ci na mintuna. Ban raina su ba. Sun riƙe abin da tsohon maharbin nan ya sani, cewa a tanadi hanya fiye da ɗaya, kuma a fi damuwa da abin da zai karɓi wutar a kan abin da zai ba da ita.

Bambancin shi ne su wasa ya kai su daji, motarsu tana jira a bakin hanya. A wajenmu masu kwana a daji ba su zaɓa ba. Ayarin gishiri da ke ratsa Tenere daga Ayar zuwa Fachi da Bilma har yau da itacensa yake tafiya a bayan raƙumi, don babu abin tsinta a hanya. Ga masu bin motocin Agadas zuwa Libiya, waɗanda in mota ta lalace sanyin daren sahara yake samu. Ga mutanen ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato da 'yan bindiga suke tasa cikin dare, su kwana a gona da yara. Ga mutanen Maiduguri da madatsar Alau ta ɓalle musu a Satumbar 2024, waɗanda suka fita da kayan jikinsu, komai a jiƙe. A irin wannan ranar laita takan cika da yashi ko gas ɗinta ya ƙare, kwalin ashana ya zama dusa, kuma tafasa ruwan sha ga jariri ya koma kan wanda ya san inda busasshen abu yake ɓuya bayan ruwan sama: ƙarƙashin ɓawon matacciyar bishiya, tsohuwar sheƙar tsuntsu, cikin kara, audugar da ke cikin 'ya'yan tunfafiya in sun bushe sun fashe.

Tanadin ba shi da tsada. Laita biyu a wuri daban-daban, ashana a cikin robar magani mai murfi tare da yankin gefen kwalinta, guntun kyandir, da curin auduga mai Vaseline a ƙulle a leda, wadda a nan ne take da amfani.  Sauran kuwa ba a sayensa a kanti. Sai an sa yaro ya tsuguna gaban murhu, an ɗauke kwalbar kananzir da ledar daga kusa da shi, an miƙa masa tsinke biyu da kara ɗaya ya fasa da kansa. Rimi ya yi ƙaranci a garuruwa da yawa, har a Zariya da unguwanni suke amsa sunansa, amma tunfafiya tana nan a kowane kango da bakin kowace makabarta.